Mun Hau Kara a Watan Rajab

Tun da na sauko daga dutse ban huta ba. Duk wanda ya kawo mini risho ko fitila gyara a rumfata ta Bagdadiyya, nan Jidda, sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labari, in kuma gaya masa wane lokaci ya fi dacewa mutum ya hau. Shekaranjiya har Bayamanen da ke gasa mana burodi ya aiko a tambaye ni, kamar ni na dasa dutsen. Rabin labarin kuwa maƙwabcinmu Tijjani ya riga ya ɓata shi a rumfar shan gahawa da ƙarin gishirinsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Kawu Ilu ce, yayan mahaifiyata. Shi da matarsa Inna Hansai suka taho da ni daga Haɗeja ina saurayi, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa, har muka ƙetare teku. Bayan mun sauke farali guzuri ya ƙare. Sai suka bar ni a Jidda ina koyon gyaran risho, su kuma suka hau dutse neman aiki a wani ƙauye kusa da Hada, ta wajen Ɗa'ifa, inda ake noman wardi ana dafa shi a fitar da turare. A can zazzaɓi ya kama Inna, a can aka binne ta. Kawu ya sauko shi kaɗai, ya kama aikin ga-ruwa a unguwar Kurayyat, nan Jidda, bai ƙara komawa ba.

Shekara goma ke nan, duk watan Rajab sai ya sa a toya waina ya raba a ƙofar masallaci saboda ita. In an gama rabo ya zaunar da ni ya ba ni labarin da na haddace. "A Rajab muka hau da innarka," haka yake farawa, don bai taɓa kiran sunanta ba. "Ba zafi, ba sanyi. Tun kana kan hanya ƙamshi ke tarbarka. Gari duk ya yi ja-ja, Bala, har kan katanga."

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya yanke shawarar komawa gida, ya ga fuskar 'yarsa da ya bari tana ƙarama, tun yana iya gani. Ayarinsu zai tashi a Sha'aban, don motoci su ratsa Sudan da Cadi kafin damina ta toshe hanya. Abu ɗaya ya roƙe ni kafin nan: in raka shi ya ziyarci kabarin Inna, ya ga wardin nan sau ɗaya da ragowar idonsa. Kuma a ƙafa, ta tsohuwar hanyar dutsen Kara, yadda suka hau. Na ce to, wane lokaci? Ya dube ni kamar na tambaye shi alƙibla, ya ce, "Rajab mana."

Tijjani maƙwabcinmu ne, Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, lodin mota yake yi a tasha. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ji zancen ta katanga ya ce ba za a bar shi ba, kuma shi zai samo mana mota. Muka ɗauki riga ɗai-ɗai da mayafi marar kauri, tunda Kawu ya ce ba zafi ba sanyi. Jidda ma a kwanakin iska mai daɗi take yi, har ana kwana ba fifita, sai muka ce ka ga, maganar Kawu ta fara fitowa.

Motar da Tijjani ya samo ta fulawa ce, mai zuwa Makka. A kan buhuna muka zauna, kafin mu kai Bahra mun yi fari fat har gashin ido. Mai shayin Bahra ya dube mu ya ce daga wane kabari muka taso. A shingen da ake duba takardu Kawu ya laluba aljihu ya miƙa wa askar, wato ɗan sandan wurin, takardar asibitin ido a maimakon iƙama, takardar zama. Mutumin ya juya ta, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba da lafiya, amma ɗayar yake so. Da ya tambayi inda muka nufa Tijjani ya buga ƙirji ya ce, "Hada, a ƙafa, kallon wardi!" Askar ya dubi takalmanmu na soso, ya dubi rigunanmu, ya ce, "Allah yi'inkum," wato Allah ya taimake ku. Muka ce amin da ƙarfi, mun ɗauka addu'ar matafiya ce kawai.

Muka yi umara, muka kwana a gidan wani mutumin Haɗeja a Makka. Washegari wata ƙaramar mota ta bi da mu ta Arafa. Ban taɓa ganin Arafa ba mutane ba, sai awaki da iska, har na ji kamar na shiga gidan wani ba sallama. Daga nan muka bi kwari har wurin da mota ke ƙarewa, a gindin dutse, inda ake kira Kur. Da na ɗaga kai hulata ta faɗi. Ba a ganin ƙarshen dutsen, gajimare ya cinye samansa.

A Kur akwai gahawa ɗaya, rumfa ce da gadajen igiya, nan matafiya ke kwana. Mai ita dattijo ne siriri, ya zauna ya rungume kaskon wuta. Ya kawo mana shayi da shinkafar nan mai madara da suke kira salig, wadda Kawu ke cewa ba ta san ko ita kunu ce ko tuwo ba. Muna ci ya tambayi abin da zai kai mu sama. Kawu ya gaya masa.

"Wardi?" in ji shi. "Yanzu? Ya ammi, yanzu ko ganye babu. Sanduna ne da ƙaya."

"Ba Rajab muke ciki ba?"

"Rajab ne. Amma mu a nan da tauraro muke shuka, da tauraro muke girbi. Yanzu tsakiyar sanyi ne. A sama ruwa daskarewa yake da safe."

Kawu ya ajiye loma. Ya juyo wajena.

"Bala, shekarar da innarka ta rasu, a wane yanayi muka yi azumi?"

"Cikin zafi, Kawu. Har leɓe yana tsagewa."

"Bana fa?"

"Cikin sanyi zai zo."

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ni manomi, ɗan manomi."

Ba wanda bai san wata yana yawo ba. Ko yaro ya san azumi yakan faɗo a bazara, ya faɗo a damina. A gida da wani ya ce wa Kawu ya yi shuka don an ga watan Rajab, da ya ce a kai shi wajen mai magani. Amma a Jidda ba mai gona. Komai da wata muke lissafa shi, daga zuwan alhazai har biki da suna, yanayi kuwa biyu muka sani, zafi da zafi mai sauƙi. Mutuwa ita ma da wata ake tunawa da ita. Haka Rajab da wardi suka manne a kan Kawu, ni kuma na ji su tare sau goma har na ɗauka tagwaye ne.

Na tambayi mai gahawa yaushe furen zai fito. Ya ce bana sai bayan ƙaramar sallah da 'yan makonni. Kowa a cikinmu ya san a lokacin Kawu yana bayan mota a tsakiyar Sudan. Na ce mu koma, ko mu zagaya a mota ta hanyar Sail mu shiga Ɗa'ifa, don Kawu yana da tari, kuma sanyin da nake ji a gindin dutse ma ya ishe ni. Tijjani ya goyi bayana da sauri, haƙoransa har sun fara kaɗawa.

"Ta nan muka hau da ita," in ji Kawu. "Halas. Ko sanda ce in gan ta."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ga za mu sa tsoho a haɗari saboda ƙaya. Amma Kawu ba ya gardama, in ya gama magana sai ya jawo carbinsa. Mai gahawa ya girgiza kai, ya shiga ciki ya fito da riguna biyu na fatar tumaki da wani tsohon bargo, ya ce mu dawo masa da su in mun sauko. Warinsu kamar ka kwana a turke. Ya ce mu tashi da an sallame asuba, mu bi wani mai jakuna da ke kai kananzir sama, kuma ko me za a yi mu kai kafin la'asar, don gajimare yakan sauko.

Hanyar matakala ce ta duwatsu, wasu sun yi sulɓi saboda ƙafafun mutanen da. Tana murɗawa dama da hagu, ka yi ta tafiya ka leƙa ka ga rumfar gahawa tana nan ƙarƙashinka kamar ba ka motsa ba. Jefi-jefi mukan ji dum daga nesa, masu fasa dutse ne da ke yin hanyar mota. Tijjani ya fara da waƙa, hantsi bai yi ba ya koma salati. Kawu ya ƙi hawa jaki. Iyakar abin da ya yarda da shi, ya riƙe wutsiyar na baya, jakin yana jansa.

Da muka zauna cin abinci Tijjani ya kwance ƙunshin burodi da alewa ya ajiye a kan dutse, ya juya neman ruwa. Wani gwaggon biri mai furfura a wuya ya sauko ba gaggawa, ya ɗauki ƙunshin gaba ɗaya, ya koma sama ya zauna yana ci yana kallonmu. Tijjani ya ɗauki dutse. Mai jakuna ya riƙe masa hannu ya ce kada ya soma, su suna sama mu muna ƙasa, kuma sun fi shi iya jifa. "Ya harami!" in ji Tijjani, "ko bisimilla babu!" Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na yi ta bubbuga masa baya.

Bayan azahar gajimaren ya sauko, tun kafin lokacin da aka ce. Fari ne, mai jiƙa, ya rufe komai. Ina jin kofaton jaki amma ba na ganin jakin. Ta hannun hagu na san rami ne, ban san zurfinsa ba. Ni da Tijjani muka koma rarrafe muna lalube. Sai na ji muryar Kawu a gaba, a natse.

"Bala, me kake gani?"

"Ba komai, Kawu. Fari kawai."

"To yau mun zama ɗaya. Haka nake ganin Jidda tun bara."

Na tsaya cik. A ɗaki ɗaya muke kwana, ni nake zuba masa shayi, amma ban san abin ya kai haka ba. Tausayinsa ya kama ni, fushin da na hau da shi ya tafi. Na kama gefen bargonsa, Tijjani ya kama rigata, jaki ya ja mu dukanmu har sama.

Ƙauyen gidajen dutse ne masu hawa biyu, dabbobi a ƙasa, mutane a sama, ba zaure ba soro. Mai gonar da su Kawu suka yi wa aiki, Ammu Sa'id, yana nan da ransa. Ya leƙo ya ga baƙaƙe uku cikin fatar tumaki da bargo suna rawar ɗari, ya ƙura wa Kawu ido, sai ya ce, "Ilyas!" Ya rungume shi ya goga hancinsa a nasa, haka suke gaisawa. Da ya juyo kan Tijjani, Tijjani ya sunkuya don girmamawa, goshinsa ya bugi hancin dattijon. Aka yi ta dariya, aka ja mu ciki.

Wuta a tsakiyar ɗaki suke hurawa, hayaƙi ya nemi hanyarsa. Aka kawo tuwon alkama a akushi ɗaya, an yi rami a tsakiya an zuba man shanu da zuma. Tijjani ya raɗa mini, "Ina miyar?" Bai sake tambaya ba bayan loma ta biyu. Zumar tasu ce, a cikin kututture masu rami suke kiwonta, jere a kan katanga kusa da gida. Kawu ya ce musu mu a kan bishiya muke rataye amya, nesa da gari. Suka yi mamaki, suka ce to wa ke gaishe da ƙudan da safe?

Da gari ya waye ruwan kwatarniya ya yi ɓawon ƙanƙara. Ihun Tijjani wajen alwala ya tashi karnukan ƙauye. Ammu Sa'id ya kai mu maƙabarta, ya nuna wasu duwatsu biyu a gindin wata bishiya, ba rubutu ba komai, amma bai yi dabur-dabur wajen nemansu ba. Muka yi addu'a. Daga nan muka gangara gonar. Yadda mai gahawa ya faɗa haka take, layi-layi na sanduna masu ƙaya, launin toka. Kawu ya tsaya ya daɗe. Ya miƙa hannu ya shafa reshe ɗaya, ƙaya ta soke shi, ya tsotse yatsan.

Da niyyar kwana ɗaya muka zo, amma ruwan sama ya ɓalle, hanya ta yi santsi, Ammu Sa'id ya rantse ba mai sauka. A wannan lokaci ba su da aiki sai zaman wuta da shan gahawa mai citta. Ya ce da a lokacin fure muka zo da ko sannu ba za mu samu ba, don tun duhun asuba kowa yana gona, kafin rana ta yi zafi a kai furen tukwanen tagulla. Kawu ya ce haka ne, ranar da aka binne Inna ma daga maƙabarta gona aka wuce. Shi kuma lokacin Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba. Ya ɗauki jakarsa ya sauko, bai yi magana da kowa ba.

Rannan da hantsi matar Ammu Sa'id, Ummu Atiyya, ta zo ta zauna a bakin ƙofa da lulluɓinta. Ta tsufa, ba mai hana ta. Ita ta yi jinyar Inna. Ta ce Khansa, haka take kiranta, hannunta ya fi na kowa sauri a layin da ke jikin katanga, kuma ita ta koya mata yin fura da gero. Sai ta yi dariya ta ce abu ɗaya ya gagare su. Duk lokacin tsinkar nan matan ƙauye suna tsokanarta ta faɗi sunan mijinta, ta ƙi. Sai ta rufe fuska da gyale ta ce "huwa", wato shi. Su a nan mace tana ƙwala wa mijinta kira da sunansa daga kan soro, sun kasa gane wannan kunya tamu.

"Ranar da za ta cika," in ji Ummu Atiyya, "kai ka tafi Ɗa'ifa neman magani. Ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ce, Ilyasu. Sarai, ba rawar murya. Na ce mata, yau dai kin faɗa. Ta yi murmushi. Na so in gaya maka, amma ba ka jin maganata, ni ba na jin taka, ga fure yana zuba."

Kawu ya zauna da Inna shekara ashirin da wani abu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ce, "Ya khala, sake faɗa mini yadda ta faɗa." Ta sake. Ya jawo bargo ya rufe kansa. Tijjani, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya tashi ya fita wai zai duba jakuna, alhali jakunan sun sauka tuni.

Da rana ta fito Ammu Sa'id ya ce tauraron datsa ya kama. A tsakiyar sanyi ake datse wardi, a rage shi har gwiwa, in ba haka ba furen ba ya yawa. Kawu ya ce a ba shi lauje. Na so in hana, ya ture hannuna. Layin jikin katanga ya nufa. Da yatsu yake bin reshe har ya sami idon toho, ya yanke a samansa. Ya wuni a kai, hannayensa duk jini, bai yarda kowa ya taɓa masa ko itace ɗaya ba.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, amma sama a buɗe take, ba abin da ya faru sai takalmin Tijjani da ya tsinke. Muka mayar wa mai gahawa fatunsa. Tarin Kawu ya yi kwanaki yana ba ni tsoro, sannan ya lafa. A Sha'aban na raka shi bakin teku. Yana riƙe da kafaɗata har gindin tsanin jirgi, sai ya ce, "Idan ya yi fure ka hau ka gano mini." Na ce to.

Bayan sallah na hau, ni kaɗai. Ga amsar masu tambaya: lokacin ke nan. Ba zafi, ba sanyi, hanya a bushe, gajimare yana can sama inda ya kamata. Amma kada wanda ya riƙe mini "bayan sallah" ya tashi da shi nan da shekara goma, ku aika a tambayi mutanen Kur tukuna. Ƙamshin tun kan matakala ya tarbe ni, kamar yadda aka gaya mini sau goma. Gari ya yi ja-ja har kan katanga.

Ammu Sa'id ya ɗaga mini hannu daga nesa da buhu a kafaɗa, bai tsaya ba. Ba wanda ya zaunar da ni, ba wanda ya ambaci Inna. Ummu Atiyya ce ta wuce da sauri, ta cusa mini kwando a hannu, ta nuna jikin katanga da haɓa ta ce, "Layin Ilyas. Yalla, kafin rana." Rassan da ya datse sun yi nauyi har suna taɓa ƙasa. Na yi ta tsinka har hantsi, ina ta waiwaye in ce wa wani ya zo ya gani, babu mai jin Hausa a kan dutsen.